Idan Jinin Al'ada Ya Ƙi Tsayawa

Duk yarinyar da ta yi Islamiyya a garinmu ta haddace lissafin haila. Ko daga barci aka tashe ta za ta karanto: mai farawa iyakarta kwana 15, wadda ta saba ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta muddin bai haura 15 ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da sallah. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, sun koyar. Abin da yake damuna, ni da nake jinya a ɗakin shan magani na makarantar kwana ta 'yan mata, shi ne yadda yaran suka ɗauki wannan lissafi na ibada ya zama musu ma'aunin lafiya. Yarinya tana kwana 12 tana zuba duk wata, in na ce me ya hana ki zuwa tuntuni, sai ta ce, "Ai Anti, bai kai sha biyar ba."

Lokacin da Fatima bint Abi Hubaish ta kai wa Annabi (SAW) kukan jininta ba ya ɗaukewa, ce mata ya yi wannan jijiya ce, ba haila ba. Addini da kansa ya raba jinin lafiya da na ciwo, shi kuwa ciwo magani ake nema masa. A asibiti, in jini ya wuce kwana 7 muna son mu ji dalili. Haka in ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, ko gudaje manya suna fita, ko al'adar tana dawowa kafin kwana 21.

Abin da na fi gani bai da alaƙa da mugun ciwo. A shekara biyu zuwa uku na farko bayan yarinya ta fara al'ada, ba kowane wata jikinta ke sakin ƙwai ba. Sinadarin da ke kauraro bangon mahaifa yana ta aikinsa, amma wanda ke daidaita bangon ya sa ya zube a kan lokaci sai an saki ƙwai yake fitowa. Sai bangon ya yi ta taruwa kamar yaɓen da aka yi ta laftawa bai bushe ba, ranar da zai zubo babu tsari. Shi ya sa za ki ga yarinya ta yi wata biyu ba ta ga komai ba, sannan ya zo ya yi mako uku. Yawanci yakan daidaita da kansa in ta ƙara girma. Sai dai jinin da ta zubar kafin nan ba ya jiran kowa.

Nakan zaunar da yarinya a bakin taga inda haske yake, in ja fatar idonta ta ƙasa. Wurin da ya kamata ya yi ja sai in gan shi fari fat, tafin hannu ma haka, alamar ƙarancin jini ke nan. In na tambaya sai ta ce jiri na ɗibarta in ta miƙe, zuciyarta na bugawa in ta ɗauko bokitin ruwa daga famfo, kuma ba ta da abin marmari kamar farar ƙasa ko ƙanƙara. Irin waɗannan ne ke faɗuwa a taron safe, ake ce musu ragwaye, ko a ce iska ce ta taɓa su. Ban hana tofi ba, ni ma ina yi wa 'ya'yana. A yi addu'a, a kuma je a auna jini.

Akwai tambayoyin da ba na tsallakewa. Kina yawan haɓo? Dasashinki na jini in kina aswaki? Mamanki ta taɓa zubar da jini sosai wajen haihuwa? Wasu iyalai suna gadon jinin da ba ya saurin daskarewa, kuma wanda ya fi yawa shi ne ciwon von Willebrand, sunan likitan ƙasar Finlan da ya bayyana shi a 1926. Yarinyar da ya fara dubawa ta rasu tana 'yar shekara 14, a al'adarta ta huɗu. Idan na kira uwa ta ce min, "Haba Malama, gadonmu ne, ni ma haka nake, uwata ma haka," hankalina ƙara tashi yake yi, don abin da take kwantar min da hankali da shi shi ne babbar alamar. Irin wannan yarinya in ta sha asfirin don ciwon mara, zubar ƙaruwa take yi.

Wata kuma al'adar na yi mata wasa ne tare da ƙuraje, ƙiba, da gashi a haɓa, wannan daga ma'ajiyar ƙwai ne. Wata daga wuya ne, halittar nan da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ƙarin mahaifa ya fi kama waɗanda suka haura shekara 30.

Ga amare da ƙananan matan aure, abu na farko da likita zai duba ciki ne, kuma don Allah kada a ji haushi in an nemi gwajin ko a wajen budurwa. Ɓari na zuwa da jini. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa kuwa yakan fara da ɗan ɗigon jini mai duhu da ciwo a gefe ɗaya na mara, in ya fashe yana kisa cikin sa'o'i. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar da ake sa wa a hannu suna kawo ɗige-ɗige, musamman a watannin farko. Mace ta koma inda aka sa mata a duba ta, akwai abin da ake bayarwa.

Wanda aka fi mantawa da shi tsargiya ce. Mun san ta a jikin yara maza masu fitsarin jini, amma yarinyar da ta taso tana wanki da wanka a rafi ko dam, ƙwayayen tsutsar kan maƙale mata har a bakin mahaifa. Sai ƙaiƙayi, da ruwa, da ɗigon jini ba lokacin al'ada ba, a yi ta ɗirka mata maganin sanyi daga kemis, alhali maganin tsargiya take buƙata. Shi ya sa nake tambayar kowace yarinya ƙauyensu da inda suke ɗibar ruwa.

Nakan sa ɗalibaina su ware shafin ƙarshe na littafinsu, su riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, da ƙunzugu nawa suka canza. Da wannan shafi likita ke gane inda zai fara. Amma iyaye mata, in kun ga tana jiƙewa awa bayan awa, ga jiri, ga haki, ko ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, kada a jira gari ya waye, a nemi mota a kai ta asibiti a daren.