Kifin da ya riƙa shanye mini batirin kwamfuta

Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin Gumel da Maigatari. Ina buga takardu, ina yin katin ɗaurin aure da hoton fasfo. Da sola nake aiki, kuma idan hunturu ya kama, hazo ya rufe rana, cajin ba ya isa. Sai in bar wa firinta inbata, kwamfuta ta ci gaba da batirin jikinta.

A hunturun bara ne ta fara wani hali. Fanka na huci ko ba a taɓa ta ba, ƙasanta ya ɗau zafi, batirin da ke riƙe awa uku ya koma ko biyu ba ya kai wa. Ranar Alhamis, da 'yan kasuwar Maigatari ke tsayawa, abin ya fi ciwo. Na ɗora wa ƙura laifi, na kwance ta na hure fankar. Ta ɗan lafa, washegari ta koma ruwa.

Sai na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki da abin da kowace ke ci. Tun 2017 Windows 10 ke nuna layin GPU a nan, wato yawan aikin da katin hoto, ɓangaren kwamfuta mai zana abin da ke fitowa a allo, yake yi. Na jera manhajojin daga babba zuwa ƙarami. Wanda ke sama shi ne Desktop Window Manager, dwm.exe, yana wasa tsakanin kashi 40 da 60, ni kuwa hannuna na kan cinya.

Wautar farko da na yi, na kashe shi. Allo ya yi baƙi ƙirin, ya yi ƙyafta-ƙyafta, sai ga shi ya dawo inda yake. Ashe tun daga Windows 8 ba a iya raba shi da kwamfuta. Tare da Windows Vista ya shigo, aikinsa kuma shi ne kowace manhaja ta zana tagarta daban, shi ya tattara, ya jera wannan kan wannan, ya sa inuwa, ya miƙa wa allo. Allo irin nawa sau 60 yake sabuntawa a daƙiƙa ɗaya, in dai akwai abin da ke motsi, shi ma sai ya bi. Ɗan dako ne. Kayan da ke kansa ba nasa ba ne, ni kuma na tsaya ina dukan ɗan dako.

Na yi zargin cutar kwamfuta, don akwai masu ɓoye manhajar haƙar kuɗin intanet da sunan fayil ɗin Windows. Na duba inda yake zaune, na same shi a C:\Windows\System32, gidansa na gaskiya. Bincike ma bai kamo komai ba. Na kashe ƙyale-ƙyalen nan na tagogi, da sheƙi da zamewa, kason ya sauka kaɗan. Na kwana ina sauke sabon direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, da datar dare, bai hana ba. Ban yi da-na-sani a kan wannan ba, tsohon direba ma yakan jawo irin haka, sai dai ni ba nan ciwona yake ba.

Da na gaji na kira wani mai gyara a Kano. Bai bari na gama bayani ba ya ce, “Malam, ka sauke duk tagogin. Me ke motsi a allon?”

Kifi ne. Ɗan yayata da ke taya ni shago ya sa hoton bango mai motsi, kifaye na iyo cikin ruwa. Kullum ina ganinsu, har abokan ciniki na yabawa, ban taɓa lissafa su cikin masu cin wuta ba. Ita manhajar kifin tana can ƙasa da wani suna da ban sani ba, ɗan kaso kaɗan a gabanta, nauyin ya tafi kan dwm.exe. Ko na rufe su da takardar da nake bugawa, suna nan a baya suna iyonsu. Na rufe manhajar, na cire ta daga masu tashi tare da kwamfuta. Kafin in miƙe kashi 2 nake gani, fanka ta yi tsit.

Wani abu da na lura daga baya, lambar nan tana da ruɗi. Idan ka ja taga da sauri za ta yi tsalle, ba komai ba ne. Katin hoto kuma yana rage gudunsa idan ba aiki, sai ƙaramin abu ya fito da kaso mai yawa. Yanzu sai na ɗauke hannu na minti guda, na ji fanka, na taɓa ƙasan kwamfutar, kafin in yarda da abin da ta nuna.

Da yaron ya dawo daga makaranta ya leƙa allo ya ce, “Kawu, ina kifina?” Na ce masa yana nan. Na sa masa hoton kifin, wanda ba ya motsi.