Hannuwan Kawu a shingen Ajdabiya

Yau bayan la'asar na kai wa Kawu maganinsa, na same shi a zaure rediyo a kunne, ana labarin ƙungiyoyin 'yan bindiga na Tarabulus. Ya rage murya ya ce, "Zauna ɗana, waɗannan yaran tun suna yaƙi da silifa na san su."

Kawu birkila ne, yana gini a garin Ajdabiya na ƙasar Libiya lokacin da boren adawa da Gaddafi ya tashi daga Bengazi a Fabrairun 2011, kuma duk shekarun nan bai taɓa ba ni labarin da bakinsa ba sai yau. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a wurin 'yan tawayen shi ne ba mai cewa bari. Kowace unguwa da katibarta, wato ƙungiyar mayaƙanta, kowace katiba da ogan da ba ya jin maganar ogan maƙwabta, sai ka ga motoci a-kori-kura an ɗaure musu bindigar harbo jirgi sun kwasa a guje sun nufi Ras Lanuf ana kabbara, ba oda ba shiri, da sojojin Gaddafi sun saki manyan bindigogi sai su juyo a guje ta hanyar da suka bi. Haka aka yi ta yi a watan Maris, gaba da baya.

Wallahi inda jikina ya yi sanyi shi ne labarin shingen bincike na 'yan tawayen. Wani yaro da bai fi sha bakwai ba ya tsayar da su Kawu, ya ce duk baƙar fata sojan haya ne na Gaddafi, ya sa Kawu ya tuɓe riga yana duba kafaɗarsa ko akwai shatin igiyar bindiga. Kawu ya miƙa masa hannuwa, siminti ya tsattsaga su, farce duk ya ci. Wani dattijo ɗan garin ne ya sa baki aka sake su, ba hafsa ba, don babu hafsan da za ka kai wa kuka. Daga nan suka kama hanyar Sallum, iyakar Masar.

Da na dawo gida na kasa barci ina ta tunanin shugabannin nasu. Abdulfatah Yunis, ministan cikin gidan Gaddafi da ya sauya sheƙa, shi aka ce babban hafsan 'yan tawaye, ga kuma Khalifa Haftar da ya dawo daga Amurka shi ma yana ganin kujerar tasa ce, sarki biyu gari ɗaya. Ranar 28 ga Yuli 2011 aka kira Yunis daga fagen daga wajen Brega wai zai amsa tambayoyi a Bengazi, ƙarshe gawarsa aka tsinta an harbe an ƙona, kuma daga cikin ɓangarensa abin ya fito. In babban hafsa bai tsira daga nasa mutanen ba, ina ga birkila baƙo da ba shi da kowa?

Laifin Gaddafi ma yana nan, shi ya kassara rundunar ƙasa da gangan don tsoron juyin mulki, ya fifita rundunoni irin ta ɗansa Khamis, shi ya sa da aka kashe Gaddafin a Sirte ranar 20 ga Oktoba ba wata rundunar da za ta karɓi makamai daga hannun mayaƙan garuruwan Misrata da Zintan.

Kawu ya ce in dawo ranar Juma'a, akwai labarin zamansu a Sallum da bai ƙarasa ba. Zan tafi masa da goro.