Inda Kibiya Ta Tsaya

Talata, bayan isha'i, Jekadafari.

Yau Adda ta ƙwace min linzamin kwamfuta. Zare shi ta yi daga jikin laftof ɗin Bappa ta jefa a jakarta, ta kuma ɗora kwali a kan wurin shafawa, ta ce muddin ina bin gidajen shafin Excel da hannu ɗaya bayan ɗaya, to har damina ta sauka ban gama lissafin kaka ba. A ofishinsu Excel take wuni a kai, don haka ban ja da ita ba.

Shagon Bappa a Tudun Hatsi yake, kasuwar hatsi ta Gombe, kuma yanzu ne lokacin da kasuwar ba ta da masaka tsinke: masara, wake, waken suya da riɗi suna ta shigowa daga Kumo da Dukku da ƙauyukan da ke kewaye, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Yaron da ya fara shigar da lissafin cikin kwamfuta ya tafi bautar ƙasa, aikin ya dawo kaina.

Da farko ta nuna min yadda shafin yake a tsare. Layukan tsaye haruffa ne sunansu, na kwance lambobi, kowane gida kuma sunansa haɗuwar biyun, kamar C12. Tab yana kai mutum dama, Enter yana sauke shi ƙasa, idan aka haɗa da Shift sai tafiyar ta koma baya. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba.

Abin da ya tsaya min shi ne Ctrl da kibiya. Ta ce in je layin tsaye da babu komai a ciki in danna Ctrl da kibiyar ƙasa. Kafin ƙiftawar ido sai ga ni a layi na 1,048,576. Na yi salati, ita kuwa sai dariya. Nan ne ƙarshen shafin, ta ce, ta gefen dama kuma yana ƙarewa a XFD, wato layin tsaye na 16,384. Tun fitowar Excel na 2007 girman ke nan, kafin nan layuka 65,536 ne kawai. Na ce ko duk hatsin Gombe aka rubuta buhu-buhu da wuya a cika wannan fili. Ctrl da Home suka dawo da ni A1, hankalina ya kwanta.

Daga nan muka shiga lissafin gaske. A layin sunayen masu saye, dannawa ɗaya ta kai ni har sunan ƙarshe. Amma da na gwada a layin kuɗin da aka biya, sai kibiya ta ja birki a layi na 317. Na sake dannawa, ta tsallaka zuwa 319. Adda ta matso da kujerarta. Ta ce ai haka maɓallin yake, yana gudu ne a kan gidajen da ke da rubutu, da zarar ya ci karo da gida wanda babu komai sai ya tsaya a bakinsa. Muka duba 318: buhu ashirin na wake, akwai suna, akwai rana, akwai farashi, wurin biya kuwa fayau.

Ta ce in ci gaba da dannawa har ƙasa. Muka sami wasu guraben irin wannan, wanda da linzami nake gangarawa da ido zan wuce su ban lura ba, don lambobin duk kama suke da juna idan mutum ya daɗe yana kallo.

Sai ta nuna min inda haɗarin yake. Alt da alamar daidai suna haɗa jimlar lambobin da ke sama da gidan da kake, amma su ma daga gurbin farko da suka tarar suke tsayawa. Wato wanda ya danna ya buga Enter bai kalli iyakar da aka zagaye masa ba, jimlar wani yanki kawai zai samu, ya ɗauka ta duka ce, ya kai wa mai shago. A ganina wannan ya fi duk sauran darasin yau muhimmanci. Saurin maɓallan ya dogara ne ga tsabtar rubutun da aka shigar.

Bappa ya shigo bayan azahar, rigarsa duk ƙurar masara. Na karanta masa sunan da ke layi na 318. Bai ko kalli allon ba ya ce, "Wannan ai bashi ne, ya ce sai motarsa ta dawo daga Onitsha." Sauran ma ya san labarin kowanne, ban da guda ɗaya da ya yi shiru yana shafa gemu, ya ciro waya.

"Bappa, daga yau a daina barin gurbi," in ji Adda. "Wanda bai biya ba a sa masa sifili, a buɗe wani layi a gefe a rubuta dalili. Kada a rubuta kalmar bashi a cikin layin kuɗi, ita ma tana katse jimla."

"To, 'yar boko, yadda kika ce."

Da yamma ta ƙara min wasu ƙanana. F2 don gyara abin da ke cikin gida ba tare da an goge shi duka ba, Ctrl da Z don janye abin da aka yi, Ctrl da alamar ; don saka kwanan watan yau. Lambobin wayar dillalai kuwa ashe Excel ne ke cinye sifilin farkonsu saboda yana ɗaukar su lambar lissafi, maganinsa a fara da alamar ' kafin a rubuta. Ctrl da S, na adana aiki, ta sa na maimaita har ya zauna a yatsa, saboda batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji, ana ɗauke wuta yake mutuwa.

Mutumin da Bappa ya kira ya ce ya biya ta banki tun makon jiya. Gobe da safe zan duba saƙonnin banki a wayar Bappa kafin in cike gurbin, sannan in shiga shafin riɗi, wanda Adda ta leƙa da Ctrl da Page Down ta ce ya fi na wake ramuka.