Wasiƙa daga Baltimore zuwa 'yan uwa na Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Birnin Kebbi da Argungu da Jega. Ina fatan kuna lafiya.

Makon jiya na sayi takalmi ta intanet kan dala 50, da na zo biya sai na ga 53. Ukun nan harajin saye ne na jihar Maryland, kashi 6 cikin ɗari. Da can ba haka abin yake ba. A 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa jiha ba ta da ikon tilasta wa kamfanin da ba shi da shago ko rumbu a cikinta ya karɓar mata haraji. Shari'ar kamfanin Quill ce a lokacin, mai aika kayan ofis ta gidan waya. Masu shaguna suka sha kuka: mutum ya shigo ya gwada takalmi, ya fita ya saye shi ta waya. Sai a 2018, a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, alƙalai 5 cikin 9 suka soke wancan hukuncin.

Amma dokar South Dakota ɗin ta bar ƙananan 'yan kasuwa sun sarara. A lokacin, sai wanda cinikinsa a jihar ya haura dala 100,000 a shekara, ko ya yi ciniki sau 200, ta kama.

Ƙanwata na tuna. Atamfa da turaren wuta take ɗorawa a WhatsApp, ta kai saƙo tasha, direba ya sauke a Yauri. Yayan mijinta mai shago a babbar kasuwa kullum ƙorafinsa shi ke biyan haya da tikiti, ita kuwa tana ci bulus. Yaya, ka yi haƙuri, ba bulus ba ne. Har zuwa ƙarshen 2025, duk kuɗin da aka turo mata daga naira 10,000 zuwa sama, sai an yanki naira 50. Datar da take saya da harajin VAT a ciki, kashi 7.5, kuma tun 2022 Facebook ke ƙara wannan harajin a kan kuɗin talla. Dokar Kuɗi ta 2019 ma ta ɗauke wa mai cinikin ƙasa da naira miliyan 25 a shekara nauyin karɓar VAT.

Don haka in masu karɓar haraji sun waiwayo kasuwar waya, su fara da manyan kamfanoni masu aiko kaya daga Legas da ƙasashen waje, su ƙyale mai turmi goma a ɗakinta.

A gaida Inna, a ce mata daddawa ta iso, har maƙwabcina ya tambayi abin da nake dafawa.

Naku,
ɗan uwanku a Baltimore