Godiya daga iyalan Baba Soja bayan addu'ar bakwai

Assalamu alaikum. Jiya aka yi addu'ar bakwai, sai yau muka samu muka zauna. Kun san yadda watanni huɗun nan suka kasance, ba sai mun maimaita ba. Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya haskaka makwancinsa.

Masu tambayar shekarunsa, takardar haihuwa dai babu. Littafin sallamarsa na soja ya nuna an ɗauke shi a 1942, kuma lokacin ya riga ya fara biyan haraji, kun ga ke nan ya haura ɗari. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga can suka shiga kwarin Kaladan a Burma. Ɗan dako ne, cikin waɗanda ke ɗaukar harsashi da abinci a ka, saboda dajin babu hanyar mota, jirgin sama ne ke jefo musu kaya da lema. Tabon matsattsaku yana ƙafarsa har ranar da aka yi masa wanka.

Da aka sallame su a 1946 bai zauna a birni ba. Ya nemi izinin dagaci, ya yi sassabe a dajin nan na kusa da iyakar Nijar, ya bar itatuwan gawo a tsaye domin ganyensu taki ne kuma ba sa yi wa gero inuwa da damina. Rijiya ya fara haƙawa kafin ɗaki, gaba goma sha biyu, aka ɗaure bakinta da itacen ƙirya. Ita ta riƙe ƙauyen a farin 1973, kuma daga cikinta aka ɗebo ruwan wankansa.

An ce ba a ambaton mai alheri a bainar jama'a, amma a yi mana haƙuri. Gwaggo ƙarama, ke kika riƙe jinyar nan. Kowane awa biyu sai kin juya shi, dare da rana, kin sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, kin shafa man kaɗanya a ƙugu da diddige. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa ran kasuwa ita ta sa aka cire ledar da ke ƙarƙashinsa, don tana tara gumi, fata ta jiƙe ta saɓule, nan gyambo yake farawa. Ita ta hana a ba shi kunu yana kwance: a tada shi zaune, cokali ɗaya, a jira ya haɗiye, in ba haka ba ya ƙware abin ya gangara huhu. Wata huɗu a kwance ba gyambo ko ɗaya. Allah ya biya ku da gidan Aljanna.

Sai maƙwabcinmu, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa. Daren Laraba zazzaɓi ya hau, Baba ya koma Burma. Yana ta fizge-fizge, yana tambaya ko jirgi ya jefo kaya, wai yara kwana biyu ba su ci ba. Mata suna kuka, an rasa mai ba shi amsa. Bawan Allahn nan ya shigo da fitila a hannu, ya tsaya a bakin gado ƙiƙam, ya sara masa, ya ce, "An jefo kaya, ranka ya daɗe, kowa ya ci." Baba ya saki zanin da ya damƙe, ya yi ajiyar zuciya, ya yi barci. Da asuba ya farka cikin hankalinsa, Malam Liman ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa. Kawu, ba mu da abin biyanka. Allah ya sa kai ma ka samu mai tsaya maka haka.

Samarin da suka haƙa kabari cikin ƙasa mai tsakuwa, da matan unguwa da suka yi kwana uku a bakin murhu, da baƙinmu na tsallaken iyaka da suka zo a kan babura, Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a, ya kai ladan kabarin iyayenku. 'Yan'uwan da ke birni kuma, mun ga saƙonninku a waya. Ya sha tambayar wasunku da suna lokacin yana iya magana. Allah ya ba da uzuri.

Ga masu tsohon soja a gida: ku ɗauki hoton littafin sallama tun yanzu, musamman shafin lambarsa. A wancan zamanin Turawa sukan rubuta mutum da sunan garinsa a madadin na mahaifinsa, shi ya sa lambar ake bi wajen neman haƙƙi. Na Baba gara ta ci gefensa a cikin akwati, saura kaɗan ta kai lambar.

Tabarmi da butoci da manyan tukwanen da aka aro suna zaure, an wanke su. Akwai tukunya ɗaya mai alamar jan fenti a kunne da ba mu gane mai ita ba, a turo yaro ya ɗauka.