Yadda Na Rabu da Taba Sigari Bayan Shekara 17

A daren 31 ga Disamba na 2023 na zauna a ɗakina a Gangare, cikin garin Jos, na rubuta alkawura huɗu a bayan littafin da nake lissafin kasuwa: zan daina shan taba, zan riƙa tafiya a ƙafa kowace safiya, zan shiga adashi, kuma zan koma makarantar dare in gyara karatuna na Alƙur'ani. Kafin ranar 9 ga Janairu babu ko ɗaya da ya rage a tsaye, kuma wanda ya fara rushewa shi ne na taba, wadda na shekara 17 ina sha.

Duk wanda ya san Jos ya san sanyin Janairu, lokacin da mutum kan fito daga sallar asuba yatsunsa sun ƙage, hazo ya rufe duwatsu. Al'adata ita ce in wuce teburin mai shayi kafin in nufi kasuwar Farin Gada, in sha shayi mai kauri, sannan in kunna kara ɗaya, ina gaya wa kaina cewa ɗumama jiki nake yi. Daga baya ne likita ya bayyana mini cewa sinadarin nikotin tsuke jijiyoyin jini yake yi, saboda haka hannu da ƙafa ƙara sanyi suke yi. Kuskurena a wancan lokaci shi ne na ɗauki alkawarin barin taba, amma na ci gaba da zama a kan benci ɗaya, tare da mutanen da muke sha tare, ga mai tireda a gefe yana sayar da ita kara-kara, duk da cewa dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da ita sai a cikin kwali. Wanda zai sayi kara ɗaya kullum gani yake yi bai yi wani abu ba, kuma da wannan tunanin na koma gidan jiya.

Abin da ya girgiza ni ya zo ne a watan Fabrairu, sa'ad da 'yata mai shekara 6 ta kamu da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A asibiti likita ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, sai uwargidana ta sunkuyar da kai, ni kuma na amsa cewa ni ne, amma a tsakar gida nake sha. Ya ce mini hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna haddasa ciwon daji, kuma hayaƙin yana shiga ɗaki, yana maƙalewa a tufafi da labule. A hanyarmu ta dawowa uwargida ta ce, "Maigida, ban taɓa ɗaga maka murya a kan wannan abu ba, amma ka dubi yarinyar nan." Ban iya ba ta amsa ba har muka isa gida.

Azumin shekarar 2024 ya kama ranar 11 ga Maris. A kowace shekara nakan wuni tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana, kimanin awa 13, ban taɓa sigari ba, amma da na ci dabino na sha ruwa sai in zagaya bayan gida in kunna. Yayana ne ya lura da haka, ya kira ni gefe ya ce, "Ƙanena, wanda ya iya haƙurin wuni ai dare ba zai gagare shi ba, sai dai in bai shirya masa ba." A daren goma ga watan azumi na ba shi ragowar kwalin da ashana, na kuma gaya wa mai shayi da abokan zamana cewa na daina, domin kunyar idon mutane ta taimake ni a inda ƙarfin zuciyata ya gaza.

Kwana uku na farko sun yi mini tsanani ƙwarai. Barci ya ƙaurace mini, kaina yana sarawa, raina yana ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, har na yi wa yaron shagona faɗan da bai cancanta ba, na dawo na ba shi haƙuri. Abin da ya cece ni shi ne bayanin da likita ya yi mini cewa ƙwaɗayin taba yakan taso ne ya lafa cikin 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba. Da na gane haka, sai na daina tunanin shekarun da ke gabana, na koma neman abin da zan yi a cikin waɗannan mintoci: in sha ruwa, in tauna asuwaki, in tashi in nufi masallaci tun kafin a kira isha'i, in zauna har a idar da tarawihi. Na gwada goro a makon farko, amma ya ƙara hana ni barci, kuma ɗacinsa taba yake tuna mini, don haka na ajiye shi. Bayan kamar mako uku wahalar ta yi sauƙi, tari ya fitar da majina mai yawa, na fara jin ƙanshin miya kamar yadda na manta ana ji.

Na yi tuntuɓe sau ɗaya. Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, a wurin wani biki a Bukuru, wani tsohon aboki ya miƙo mini kara, na karɓa na sha. A da, irin wannan ne yake sa in ce komai ya lalace, in je in sayi kwali. A wannan karon na kira yayana a daren na gaya masa gaskiya, washegari na ci gaba daga inda na tsaya, kuma tun daga ranar ban sake ba.

Sauran alkawuran sun biyo baya ne ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na sake rubuta su ba. Kuɗin da nake kashewa a taba na riƙa jefa su a asusu kullum, su ne suka zama zubina na adashi. Tafiya a ƙafa kuwa ta yiwu ne da numfashina ya dawo, domin yanzu ina hawa tudun unguwarmu ba tare da na tsaya ina haki ba. Makarantar dare ce ta fi jinkiri, sai a Janairun 2025 na koma, a matsayin alkawari guda ɗaya tak na wannan shekara, kuma yanzu ina izifi na tara. Har yau idan sanyin asuba ya yi ƙarfi tunanin taba yakan zo mini, shi ya sa a gida nake shan shayina, 'yata tana zaune kusa da ni tana shirin makaranta.