Ranar da na juya wa amfilifaya uku baya a Kamba

Shekara 11 ina kaɗa jita da wata tsohuwar amfilifaya mai taransista da na gada wajen maigidana, wani Bazabarme ɗan Dosso da ya koya mini riƙon tsirkiya, Allah ya jiƙansa. Ba ta taɓa ba ni kunya a gidan biki ba. Sai dai muryarta irin ta mai shela ce, tana isar da saƙo amma ba mai cewa a maimaita don daɗi. Tun ranar da na ji wasu samari 'yan Agadas sun yi wasa a Gaya da amfilifaya mai kwalba, na dawo Birnin Kebbi da wani ciwo a kunne. Bana da na sayar da shinkafar rani, na ware kuɗin taki, na ware na makarantar yara, na sallami mai ɗakina, abin da ya saura na ƙulle shi a leda na tura ƙarƙashin katifa.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan irin wannan akwati ba, kwalbar da nake magana 'yar gilashi ce, wata tsawon babban yatsa, wata ta fi haka, tana yin ja daga ciki in ta ɗauki zafi. Ita ce a cikin rediyon kakanninmu kafin taransista ta zo. Ƙananan, irin su 12AX7, su ke karɓar ɗan raunannen sautin da ya fito daga jita su raine shi. Manyan, irin su EL84 da EL34 da 6L6, su ke tura sifika. In ka matsa wa tawa mai taransista fiye da ƙarfinta, sai ta tsage kamar an yaga kwanon rufi. Kwalba kuwa a hankali take shaƙewa, kamar mawaƙin da ya kwana yana waƙa, muryar ta dusashe amma ta ƙara shiga rai. Wannan dusashewar muke biya da tsada.

Na yi wata biyar ina ƙona data a YouTube, ina kallon Turawa suna gwada wannan da waccan. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa amfilifayar kamfanin Marshall nake so, ba wata ba. Har hotonta na sa a fuskar wayata. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, duk abin da na ji ya bi ta makirfo ɗin wani, ya bi ta kwamfutarsa, sannan ya fito ta sifikar waya wadda ba ta kai ƙwayar gujiya ba.

Wani Alhaji mai kayan gwanjo a Kamba, wanda ke ɗauko kaya daga Kwatano, shi ya kira ni ya ce guda uku sun shigo, in zo kafin 'yan cocin Zuru su ji labari. Ban tafi ni kaɗai ba. Na ɗauki jitata, na ɗauki ƙanena mai kalangu, na kuma je na roƙi Baba mai gyaran rediyo na unguwarmu ya raka mu. Baba ya haura 70, bai san ko tsirkiya nawa ke jikin jita ba, amma ya gyara rediyo mai kwalba tun ina cikin zanen goyo. A mota, wajen Bunza, na ba shi labarin cewa Leo Fender ma, wanda ya kafa kamfanin Fender a Kalifoniya, mai gyaran rediyo ne kuma bai iya kaɗa jita ba. Baba ya ce, "To ka gani. Mu munka san abin, ku kuna dai taɓawa."

A shagon, an jera su a kan tabarma tsakanin firiji da tulin fankoki. Ga Marshall DSL40 tawa, baƙa, da rubutun nan fari, wat 40, kwalba EL34 guda biyu. Ga Vox AC15 mai ƙyallen gaba kamar saƙar dara, wat 15. Ga kuma 'yar ƙarama, Fender Blues Junior, ita ma wat 15. Kowacce sifika ɗaya gare ta mai inci 12.

Yaron shago ya ɗauki wayar Fender zai soka a soket, Baba ya buge masa hannu. Ya juya akwatin, ya goge ƙurar bayan da bakin riga, ya nuna mana rubutu: bolt 120. Ta kasuwar Amurka ce. Wutarmu 230 ce. "In ka soka wagga ga wutarmu, sai dai Alhaji ya kwashi toka." Aka aika aka aro taransifoman rage wuta wajen wani mai firiji. Sauran biyun na Turai ne, ba su da wannan matsala. Sannan ya duba kowacce ya tabbatar wayar sifika na haɗe, don amfilifaya mai kwalba in ta yi aiki babu sifika a jikinta, taransifomanta na iya ƙonewa. Ya kunna su duka, ya ce a bar su su yi ɗumi, ya nemi a kawo masa shayi.

Da Marshall na fara, ba sai an faɗa ba. Na murɗa, na ja tsirkiya ɗaya, kwanon shagon ya amsa. Yara suka taru a ƙofa. Na ji tsigar jikina ta tashi. Na koma kan Vox, na ji ta siririya. Fender kuwa kamar tana magana daga cikin tulu. Minti goma ban yi ba na ce, "Alhaji, nawa za ka bar mini baƙar?"

Baba ya ajiye kofi. "Saurin mi kaka yi, yaro? Ba daɗi kaj ji ba, ƙarfi kaj ji."

Gaskiyarsa ce, kuma na san haka a karance, na dai manta da na ga abin da nake so. Kunnen ɗan Adam in an ƙara masa ƙarfin sauti, sai ya riƙa jin kauri da kaifi sun ƙaru, ya ɗauka abin ne ya fi kyau. Ni kuwa na buɗe wa Marshall wuta, na bar sauran a ƙasa. Wani abin mamaki kuma, tazarar wat 40 da wat 15 ba ta kai yadda lissafi ke nunawa ba, ba ta cika desibel 5 ba a ma'aunin ƙarar sauti. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ninka wat wajen sau goma.

Sai Baba ya tsara yadda za a yi. Ƙanena ya sauke manhajar auna ƙara a waya, aka ajiye wayar a kan kujera taku uku daga akwatunan, aka yi ta murɗawa har kowacce ta riƙa ba da lamba ɗaya in na kaɗa abu ɗaya. Jita ɗaya, waya ɗaya, aka kashe amsa-kuwwar kowacce. Aka ɗora su duka a kan benci don kada wata ta ci ribar ƙasa. Sannan aka juya mini kujera ina fuskantar titi, Baba yana canza wayar a bayana, ba ya faɗa mini wadda ya soka.

Ya kuma hana ni kaɗa abin da na koya a bidiyo. "Kiɗan da kaka ci da shi za ka yi." Wato irin namu, mai saurin yatsa kamar na molo, tsirkiya ɗaya tana ta gurnani a ƙasa, sauran suna yawo a sama.

Ta farko da aka soka, sautin ya zo da nauyi a tsakiya, dunƙulalle, kamar dunƙulen fura. In na riƙe tsirkiya ɗaya na ja ta, tana daɗewa tana kuka, abin sha'awa. Amma da na shiga saurin yatsa sai ƙwayoyin sautin suka fara mannewa da juna, ƙasan yana cinye saman. Ta biyu ta zo da ɗumi, mai taushi a gefe, ba ta cizo ko kaɗan, irin muryar da za ka so a ɗaki bayan isha'i. Da na ƙara ƙarfin hannu sai ta ɗan toshe, kamar mai magana da goro a baki. Ta uku ce ta sa na daina kallon titi. Kowace ƙwaya ta fito ita kaɗai da ɗan ƙyalli a bakinta, kamar an jefa tsaba a faranti. In na sassauta hannu sai ta yi tas, in na danna sai ta yi wannan dusashewar da na ji a Gaya, ba tare da na taɓa komai a jikin akwatin ba. Yatsana ne ke murɗa ta.

Sau huɗu aka zagaya, Baba yana sauya jeri. Sau uku na ɗaga hannu a kan Vox, sau ɗaya a kan Fender. Marshall ko sau ɗaya. Na ji kunya kamar wanda aka kama yana zagin surukinsa. Ba wai ba ta da kyau ba ce. Jim Marshall, wanda shi kansa makaɗin ganga ne, ya fara ƙera amfilifaya a Landan a 1962 don samarin da ke neman ruri da ƙarfi, kuma wannan jikar tasa ta gaji gidansu. Kiɗana ne ba na gidan ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da Baba ya haska bayan Vox da Fender da tocila. Kwalaben da ke tura sifika iri ɗaya ne a cikinsu, EL84 bibbiyu, wat ɗinsu ma ɗaya. To ina bambancin ya fito? Duk watannin nan na ɗauka sunan kwalba shi ne murya. Baba bai yi mini dogon bayani ba. Ya kashe su, ya duba bayan Vox inda ake zaɓar om 8 ko 16, wato lambar da ke daidaita inji da sifika, ya mayar da shi 8 daidai da sifikar Fender, ya ja waya ya haɗa injin Vox da akwatin Fender. Na kaɗa. Rabin ƙyallin nan ya tafi. Da saura, ana jin jinin Vox a ciki, amma kamar mutum ne ya sa rigar ƙaninsa. Ashe sifikar Celestion da ke cikinta da faɗin akwatin suna da kaso babba a abin da na so. Sauran kuma yana cikin yadda aka tsara hanyar sautin tun daga ƙananan kwalabe. Vox ɗin ma ba ta da abin murɗa tsakiya, kauri da kaifi kawai gare ta, sai wani guda da aka rubuta wa Tone Cut wanda ke aiki a juye, kana ƙara shi yana rage kaifi. Na yi minti biyar ina faɗa da shi kafin na gane.

Bayan la'asar muka fitar da Vox da Fender waje, don ba a shago nake kiɗa ba. A fili babu bangon da zai dawo maka da kauri, iska ke shanye shi. Ƙanena ya rataya kalangu, yaron shago ya kifa ƙwarya. Nan Fender ta nutse, ina ganin yatsuna suna motsi amma kalangu ya zauna a kanta. Vox ta bi ta saman kalangun ta wuce, har wani mai shayi a tsallaken titi ya ɗago kai. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, Alhaji ya tayar da ƙaramin janareta, firijinsa na ja, fanka na ja. Sautin ya yi laushi, ya fara shaƙewa tun ban matsa ba. Baba ya sa mita ya nuna mini yadda wutar ta faɗi, ya ce in ban sayi sitabilaiza ba kada in kawo masa kuka.

Fender ta so ta ja ra'ayina ta wani gefen. Nauyinta wajen kilo 14 ne, zan iya ɗora ta a kabu-kabu in riƙe da hannu ɗaya. Vox ta kai kilo 22, ga faɗi. Amma Fender ɗin nan sai da taransifoma a gindinta duk inda za ta, kuma na san halin gidan biki: rana ɗaya wani yaro mai son taimako zai soka ta kai tsaye ina can ina gaisawa.

Kafin a yi ciniki Baba ya ɗauki fensir ya riƙa ƙwanƙwasa ƙananan kwalaben Vox a hankali tana kunne. Biyu shiru. Ta ukun ta amsa ta cikin sifika, ƙal, ƙal, kamar an taɓa kofin gilashi. Ta tsufa, ta fara zama makirfo da kanta. Abin murɗa ƙara ma yana ƙarar yashi, ƙurar hanya ce. Da waɗannan biyun Baba ya zauna wa Alhaji a wuya. "Alhaji, kwalbar ga ba a yin ta Kamba, ba a yin ta Legas." Haka ne kuwa, masana'antun da suka rage suna yin ta 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma tun da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 ta ƙara wuya da tsada. Alhaji ya rantse, ya yi kamar zai tashi, ya dawo, ya rage abin da ya isa sitabilaiza. Ya ce, "Baba, don girmanka ne." Baba ya ce ya ji.

Da za mu taho, ya jira ta huce, ya zare kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya naɗe kowacce a safa, ya zuba a aljihun babbar rigarsa. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in kwance bayan akwatin in sa hannu, ko da a kashe take, don akwai kondensa a ciki masu riƙe wuta sama da bolt 300. Akwatin kuma muka naɗe shi da bargo, aka ba shi kujerar mutum guda, na biya masa kuɗin mota. Wata tsohuwa da ke gefe ta tambaya ko mara lafiya ne.

Yanzu sati uku ke nan. Na yi biki ɗaya da ita a Kalgo, na sa mata 'yar fanka a baya saboda zafin bazarar nan, ga nata zafin. Kwalbar nan mai ƙara tana nan, in ƙanena ya matso da kalangu kusa sai ta fara fito, dole na kore shi can gefen rumfa. Na aika a sayo mini 12AX7 a kasuwar Alaba, direban ya ce sai Laraba. Mai ɗakina ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙura, ta kuma tambaye ni yaushe zan cire hoton baƙar daga fuskar wayata. Ban cire ba tukuna.